Kafin A Ƙara Wa Fis Kauri: Raddi Ga Iyayen Gidanmu Masu Aikin Wuta A Sakkwato

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu aikin wuta da masu gidaje a birnin Sakkwato, daga Mabera har Arkilla, daga Runjin Sambo har Tudun Wada. Wai in dai waya tana ɗauke da kayan gida, ka taɓa ta ka ji ba zafi, to lafiyarta ƙalau. In kuwa fis yana yawan ƙonewa, ko bireka tana yawan faɗuwa, to su ne suka yi ƙanƙanta, sai a cire a sa babba. Wani ma ba ya wahalar da kansa zuwa shago. Guntuwar waya zai fere, ya zare jan ƙarfen, ya ɗaure a mazaunin fis, ya dubi maigida ya ce, "Alhaji, wagga ba ta ƙara yankewa, ko mi ka kunna." Kuma gaskiya ya faɗa, ba za ta ƙara yankewa ba. Cikar wannan alkawari ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ina roƙon iyayen gidanmu a wannan sana'a su yi mini uzuri, don na san waɗanda nake mayar wa martani ba baƙin aiki ba ne. Cikinsu akwai wanda tun zamanin NEPA yake hawa tsani, ya yaye yara da dama, yaran ma sun yaye nasu. Maganar tasu kuma ba daga sama ta faɗo ba. Wutar da muke sha tafiya mai nisa take yi: daga Kainji ta bi layin kilobolt 330 zuwa Birnin Kebbi, layin 132 ya ƙaraso da ita Sakkwato, sannan kamfanin Kaduna Electric ya raba ta unguwa-unguwa. Sau da yawa a gajiye take isa ƙarshen layi. In ƙarfinta ya faɗi, injin firiza da na tura ruwa tanki sai su yi ta gurnani suna jan wuta fiye da ƙima don neman tashi, fis ya tsinke alhali wayarin bai yi laifin komai ba. Ga zafin gari. Ƙananan birekun gida a kan zafin digiri 30 ake daidaita su a masana'anta, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu digiri 40 abin yau da kullum ne, har ya wuce. Akwatin da ke manne a bangon da rana ke duka tun azahar, ba mamaki birekarsa ta faɗi kafin ta kai adadin da aka rubuta mata. Ga kuma jabun kaya da suka cika shaguna. Saboda haka mutumin da aka tasa cikin dare, yara na kuka saboda zafi, maigida ya tsare shi da ido, ya ga mafita ita ce ya ƙara wa fis kauri, na fahimci abin da ya kai shi.

Inda muka rabu shi ne a kan abin da taɓa waya da hannu yake iya gaya wa mutum. Waya jarrabawa biyu gare ta. Ta farko ita ce ta kullum: fanka, firji, dutsen guga, hita, shin za ta ɗauke su awa da awanni ba ta yi zafi ba? Wannan kam hannu yana iya ba da shaida. Ta biyu ba ta zuwa sai sau ɗaya ko sau biyu a rayuwar gida, ranar da bakin kwano ya goge rigar waya, ko ɓera ya ci ta a silin, ko ƙusa ta huda bututu, ko ruwan damina ya kwanta cikin soket, mai wuta ta haɗu da nutural ko da wayar ƙasa. A wannan lokaci wuta ta daina bi ta cikin fanka ko firji, ta samu gajeriyar hanya, babu abin da ke rage mata gudu sai taurin wayar da na taransifoma. Waya mai kaurin milimita sukwaya 2.5 da ta saba da amfiya 20 da 'yan kai sai ta wayi gari tana ɗauke da ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Babu wayar gidan da aka ƙera don ta zauna da irin wannan wuta. Abin da ake tambaya kawai shi ne sakan nawa za ta yi kafin ta lalace, kuma shin fis ko bireka za su riga ta. Hannu ba ya auna wannan, don kafin ya kai ga wayar an gama.

Tushen lissafin tsoho ne. Tun wajen 1840 wani Bature mai suna James Joule, a yankin Manchesta ta Ingila, ya gano cewa zafin da wuta ke haifarwa cikin waya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar. In wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ta ninka goma, zafi ya ninka ɗari. Wayar da ta tashi daga amfiya 20 zuwa 1,000 wutarta ta ninka 50, zafin da ke taruwa cikinta kowane sakan kuwa ya ninka 2,500. Kuma da yake abin cikin ƙiftawar ido yake faruwa, zafin ba ya samun damar fita ta roba ya bi iska. Duk a cikin ƙarfen yake tsayawa. Ka ga mai shayi ya ɗauki garwashi da yatsu ya jefa a wani murhu bai ƙone ba, ai ba taurin fata ce ta cece shi ba, saurin saki ne. Ya ƙara sakan biyu ka ga yadda za a kwashe.

Iyakar ba a jikin jan ƙarfe take ba, don shi sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa. A jikin rigar take. Robar PVC da ke lulluɓe da wayoyin gidajenmu an yarda ta yi aiki kullum a digiri 70, in haɗewa ta auku a bar ta ta kai 160 na ɗan lokaci, kada ta wuce. Wadda ake kira XLPE, da aka fi gani a manyan kebul na ƙarƙashin ƙasa, aikinta a digiri 90 ne, iyakarta 250. Daga waɗannan iyakoki masana suka fitar da wata lamba da suke kira k. Jan ƙarfe mai rigar PVC lambarsa 115 ce, mai rigar XLPE 143. Alminiyam mai PVC 76, mai XLPE 94.

Lissafin kansa bai fi ƙarfin kalkuletar da ke cikin kowace wayar hannu ba. A rubuce ga shi: t = (k × S ÷ I)². Wato ka ninka lambar k da kaurin wayar a milimita sukwaya, ka raba da yawan wutar haɗewar a amfiya, abin da ya fito ka ninka shi da kansa. Amsar ita ce sakan ɗin da wayar za ta jure. Ana amfani da shi ga haɗewar da ba ta wuce sakan 5 ba, don bayan nan zafin ya fara fita waje, lissafi ya canja.

Mu gwada da wayar 2.5, wadda kowane yaron shago ya sani, ita ake ja wa soket. Ninka 115 da 2.5, ka samu 287.5. In wutar haɗewa amfiya 1,000 ce, raba, ka samu 0.2875, ninka shi da kansa, ya ba ka sakan 0.083. Ko kashi ɗaya cikin goma na sakan bai cika ba. In wutar 500 ce, tana da sulusin sakan. In 200 ce, sakan 2 da ɗan ɗigo. Wayar 1.5 ta fitilu, a amfiya 1,000 sakan 0.03 gare ta. Ko babbar 16 da ke shigowa daga mita, wadda maigida ke kallo hankalinsa ya kwanta, in ta gamu da amfiya 3,000 ba ta kai rabin sakan ba, 0.38 ne. In ta alminiyam ce, 0.16. Waɗannan wayoyi duka, minti ɗaya kafin haɗewar, da ka taɓa su sanyi ƙalau za ka ji.

Yanzu mu koma ga guntuwar wayar da aka ɗaure a mazaunin fis. Fis ɗin da ake ɗaura wa zare da hannu yana da ma'auni a littafin ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda makarantunmu na koyon sana'a suka gada. Zaren amfiya 5 faɗinsa milimita 0.2 ne. Na 15, milimita 0.5. Na 30, milimita 0.85. Na 80, milimita 1.8. To jan ƙarfen da ke cikin wayar 2.5 mai silli ɗaya faɗinsa milimita 1.78 ne. Ashe wanda ya zare shi ya ɗaura, fis ɗin amfiya 80 ya sa wa layin da bai kamata ya wuce 20 da 'yan kai ba, kuma irin wannan fis ba ya tsinkewa sai wuta ta kusan ninka adadinsa. Abin da ya fi wannan muni ma a fili yake, ko ba littafi. Fis da wayar da yake tsaro sun zama kauri ɗaya, zafinsu tare zai riƙa hawa. Shi yana jiran digiri 1,085 kafin ya saki, rigar wayar da ke kwance a kan katakon silin kuwa ta gama tun a 160. Dama an yi fis siriri ne da gangan don ya riga kowa mutuwa, a wurin da aka tanada masa, cikin tangaran, inda ba abin da zai kama. Wanda ya ƙara masa kauri bai kawar da wurin tsinkewa ba, ya dai mayar da shi wani lungu na gidan da shi kansa bai sani ba.

Na san amsar da wasu za su bayar: mu ai mun bar fis, bireka muke sawa, ita kuwa da an samu haɗewa take faɗuwa. Wannan ma da gyara, kuma a nan ne nake ganin ko ƙwararru suna tuntuɓe. Tun da Hugo Stotz ya yi rajistar ƙaramar bireka a Jamus a 1924, hanya biyu take faɗuwa. Akwai wani ɗan ƙarfe da zafi ke lanƙwasawa sannu a hankali, shi ke kula da lodin da ya yi yawa. Akwai kuma maganaɗisu da ke fizge ta nan take, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan, amma sai wuta ta kai wani mataki. Harafin da ke gaban lambar shi ke faɗin matakin. Mai B tana fizgewa in wuta ta ninka adadinta 3 zuwa 5. Mai C, 5 zuwa 10. Mai D, 10 zuwa 20. Saboda haka B20 ta tabbata za ta faɗi nan take a amfiya 100, C32 sai 320, C63 kuwa sai 630. In wutar haɗewa ba ta kai nan ba, sai a koma jiran ɗan ƙarfen nan mai nawa.

Ɗauki gidan da ke can ƙarshen layi a sabuwar unguwa, irin gefen Dambuwa ko Gidan Igwai, inda gini ya riga turakun wuta isa. An ja wayar 2.5 tsawon mita 50 daga babban gida zuwa shagon ƙofar gida ko ɗakin samari. Kowace mita ta wannan waya, zuwa da dawowa, taurinta ya kusan om 0.015, mita 50 ke nan om 0.74. Mu ƙaddara layin da ya taso daga taransifoma ya ƙara rabin om. In wayoyi suka haɗu a ƙarshen, bolt 230 raba 1.24, wutar da za ta bi wajen amfiya 185 ce. Lissafinmu ya ce wayar tana da sakan 2.4. In B20 ce a kan layin, ta faɗi tun kafin a ce kwabo, ba abin da ya samu wayar. In kuwa an gaji da faɗuwarta an sa C63, amfiya 185 bai ma kai ninki uku na adadinta ba, maganaɗisun ko motsi ba zai yi ba. Ƙa'idar da ake ƙera birekun a kai ta yarda mai irin wannan girma ta ɗauki har sakan 120 a ninki biyu da rabi. Waya mai sakan biyu da ɗoriya, mai gadinta yana da izinin minti biyu. Kuma in wutar ta zo a raunane, bolt 180 maimakon 230, wutar haɗewar ta ƙara raguwa, birekar ta ƙara nawa. Abin da mutane ba su cika zato ba ke nan: gidan da wuta ba ta isa da ƙarfi, wanda shi ne aka fi sa wa babbar bireka, shi ne ya fi buƙatar ƙarama.

Wanda ke gindin taransifoma kuma tasa matsalar daban. Taransifoma mai kVA 500, irin da ake gani a unguwanni da bakin kasuwa, cikakken lodinta ya kusan amfiya 700 a kowane layi. In taurinta na ciki kashi 5 cikin ɗari ne, haɗewa a bakinta na iya kai wa amfiya 14,000. A nan sai a juya lissafin, a tambayi kaurin da ake buƙata: wutar, a ninka da tushen lokacin (wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da lokacin), a raba da k. In abin kariya zai yanke cikin sakan 0.2, jan ƙarfe mai PVC yana buƙatar milimita sukwaya 54 da ɗan kai, wato a sayi 70. In zai ɗauki sakan ɗaya cur, ana buƙatar 122, wato 120 ma ta gaza, sai 150. Lodi bai canja ba, jinkirin mai yankewa kawai ya ninka kuɗin kebul. To ina ga akwatin taransifomar da fis ɗinsa ya ƙone, 'yan unguwa suka yi karo-karo, aka kira wani da dare ya murɗa wayoyi ya cusa? Sannan ga 'yar lambar nan da ke cikin akwati a fuskar bireka, 3000 ko 4500 ko 6000, wadda ba kowa ke kallo ba. Ita ce mafi girman wutar da birekar za ta iya yankewa ba ta fashe ko ta manne ba. Shagon da ke jingine da taransifoma, a sa masa mai 3000, an ɗora mata abin da ba a yi ta dominsa ba.

Wani zai ce, ni dai waya ta gaske nake saya, 'yar Najeriya, Cutix ta Nnewi ko Coleman ko Nigerchin, ba ruwana da jabu. Madalla, kuma haka ya kamata. Amma duk lambobin da na kawo a sama na waya ta gaske ne, mai cikakken kauri. Ita ce mai sakan 0.083. Jabu kuwa lissafin ba ya yi mata sassauci ko kaɗan, don kauri ma ninka kansa yake. Wayar da aka rubuta wa 2.5 alhali cikinta 1.8 ne, a ido bambancin kaɗan ne, amma rabin lokacinta ya tafi. Wadda kuma alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya, in ka kankare da wuƙa ka ga fari, lokacinta bai kai rabin na ta gaske ba ko da kaurinsu ɗaya. Haɗa biyun, siririya kuma shafaffiya, ka ga abin da ya saura. Haka nan wayar ƙasa, wadda aka fi yi wa rowa a sa mata siririya ko a tsallake ta gaba ɗaya: wutar haɗewa in ta bi ta kanta, lissafi ɗaya ne ke hawanta.

Zafin Sakkwato ma yana da nasa kason. Lambar 115 an gina ta ne a kan cewa waya ta fara daga digiri 70. Jadawalin lodin da ke cikin littattafai kuma iskar digiri 30 ya ɗauka. A digiri 40 sai an rage lodin wayar PVC zuwa kashi 87 cikin ɗari, a 45 zuwa 79, a 50 zuwa 71. Duk wanda ya taɓa shiga tsakanin kwano da silin da rana tsaka a watan Afrilu ba sai an gaya masa wane layi na jadawalin ya shafe mu ba. Wayar da aka cika wa lodi bisa lissafin ƙasar sanyi, a can sama ta riga ta haura 70 tun kafin wata haɗewa, tazarar da ta rage mata zuwa 160 ta ragu, sakan ɗin da muka lissafa ma ba ta da shi cikakke.

Janareto da sola sun ƙara dagula lamarin, ga shi kuwa yanzu da wuya ka ga gida ko shago mai hali da ba shi da ɗayansu. Janareto ba shi da ƙarfin taransifoma. In aka samu haɗewa, abin da zai iya turowa ɗan ninki ne na adadinsa, sau da yawa bai isa ya fizge birekar da aka zaɓa don wutar gari ba. Inbata ma haka, da gangan aka ƙera ta ta taƙaita abin da take fitarwa. Masu sayar da wutar janareto a kasuwa, da ke jan siririyar waya rumfa-rumfa ta saman kawunan mutane, su ne suka fi kowa buƙatar ƙaramin fis a bakin kowane reshe. Batir kuwa akasin haka ne. Batirin sola guda ɗaya, in aka haɗa bakinsa biyu, dubban amfiya yake iya zubowa, kuma ba shi da makunnin da zai kashe kansa. Amma sau nawa ka ga fis tsakanin batir da inbata a gidajenmu? Galibi kebul ne tsirara daga wannan zuwa wancan, a ɗakin da ake ajiye katifu da buhunan hatsi.

Akwai hujjar da ta fi duk sauran ƙarfi a wurin iyayen gidanmu, ita ce ta gani da ido: gida kaza na yi masa haka shekara da shekaru, ga shi nan tsaye. Ban musa ba. Sai dai tsayuwar gidan shaida ce cewa ya ci jarrabawar farko, ta biyun ba ta zo ba tukuna. Ko kuma ta zo ta wuce ba a lura ba. An ji ƙara, an ga tartsatsi, fis ɗin katawut ya tsinke daga baya, aka gyara inda ya haɗe, aka mayar da wuta, kowa ya ce Allah ya kiyaye. Amma wayar da ta haura digiri 160 robarta ta yi laushi, ƙarfen ya nutsa gefe ɗaya a duk inda ta lanƙwasa, da ta huce ta bushe ta yi tauri. Tana cikin bututu, ba mai gani. Wata shida ko shekara biyu bayan nan, cikin hunturu, komai ya bushe, sai a ce gobara ta tashi daga silin haka kawai, ko a ce an kawo wuta da ƙarfi. Dawowar wuta da ƙarfi tana ɓarna, gaskiya ne, amma ta fi samun sa'a a inda riga ta riga ta mutu. Kuma robar PVC in ta kama, hayaƙinta mai guba ne, yana kama maƙogwaro da ido tun harshen wuta bai iso ba. Sakkwatawa da suka ga abin da gobarar watan Janairun 2021 ta yi wa babbar kasuwa sun san yadda wuta ke gudu a inda rumfa ke jingine da rumfa, yadi da roba da katako suna haɗe.

Wannan lissafi ba ƙirƙirar 'yan boko ba ce don su raina masu aikin hannu. Ƙa'idar wayarin ta farko da aka buga a Ingila a 1882, 'yan shafuka ce, kuma dalilin rubuta ta shi ne hana gobarar da fitilun lantarki ke jawowa. Ita ce ta girma ta zama BS 7671 a 1992, bugu na 18 ya fito a 2018, lissafin da na kawo yana cikinta, yana kuma cikin ƙa'idar duniya ta IEC 60364. A gida Najeriya hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da wayarin a 2015, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar NEMSA da doka, aka ɗora mata duba wayarin da ba masu aikin wuta takardar shaida. Ɗaliban lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna da lissafin a takarda, iyayen gidanmu suna da sanin gari da sanin hannu, wanda ba a samu a aji. Abin takaici, ɓangarorin biyu ba su cika zama inuwa ɗaya ba. A ganina ƙungiyoyin masu aikin wuta na gari su ya kamata su fara kiran wannan zama, don su ake kira in gida ya yi duhu, su kuma ake nunawa da yatsa in ya ƙone.

To me za a yi wa Alhajin da birekarsa ke faɗuwa kullum? A nemi dalili. A sa mita mai baki a auna abin da layin ke ja. In lodi ne ya yi yawa, a raba shi, na'urar sanyaya ɗaki da hita da injin ruwa kowanne a ja masa layinsa. In ana son babbar bireka, a fara canja waya zuwa mai kaurin da ya dace da ita, sannan bireka ta biyo baya. In zafin bango ne, a matsar da akwatin inuwa. In inji ne ke fizgar wuta wajen tashi, a duba ko mai C za ta yi, amma bayan an tabbatar wutar haɗewa a ƙarshen layin ta kai ninki goma na adadinta. In wutar gari ce ta yi rauni, maganinta na'urar daidaita wuta ko mai yanke ta in ta faɗi ƙasa, ba kaurin fis ba. Duk wannan ya fi guntuwar waya tsada, na sani, kuma maigida zai yi ƙorafi.

Ku kuma masu gidaje da masu shaguna, nauyin ba a kan mai gyara kaɗai yake ba, don sau da yawa ku ke matsa masa ya yi muku mai sauƙi. In ya ce a ƙara waya, ku ƙara. In ya zo zai sa babbar bireka, ku tambaye shi kaurin wayar da ke bayanta, ku tambaye shi sakan nawa za ta jure in wayoyi sun haɗu, da sakan nawa birekar za ta ɗauka. Iyayen gidanmu kuma, don Allah, ku riƙe lambobin nan huɗu, 115 da 143 da 76 da 94, ku koya wa yaranku tare da riƙon filaya. Yau ɗin nan kowa ya buɗe katawut ɗin gidansa da wuta a kashe, ko ya kira wanda ya iya ya buɗe masa. In jan ƙarfen waya aka gani a ɗaure a mazaunin fis, a cire shi a sa na ƙa'ida kafin a mayar da wuta.